IN HOTON TALABIJIN YA LALACE, INA ZA A FARA DUBAWA?

Duk wanda ya bi titin Tudun Wada a Zariya, daga Ƙofar Doka ya nufi Kongo, in ya ɗaga kai zai ga abu ɗaya a kan gidaje da shaguna. Zai ga dish iri-iri, manya da ƙanana, wasu a jikin bango, wasu a kan rufi. Zai kuma ga eriya ɗaure a kan gora ko a kan dogon ƙarfe. Haka abin yake a Gyallesu da Tudun Jukun. Haka yake a ƙauyukan Giwa da Soba, duk inda wuta ko sola ko janareta ya kai.

Talabijin ya zama ɗan gida. Da shi ake jin labarai. Da shi ake kallon tafsiri da azumi. Da shi ake kallon ƙwallo da wasan kwaikwayo. Mai gidan kallo kuwa da shi yake ciyar da iyalinsa. Ranar da hoto ya ɗauke ana tsakiyar wasa, sai ya mayar wa mutane kuɗinsu.

To amma in hoto ya lalace, me akan yi? Wani ya bugi talabijin da hannu. Wani ya tura yaro kan rufi ya jijjiga dish. Wani ya ɗauki dikoda ya kai Sabon Gari, a ce masa ta mutu, ya sayi sabuwa. Ya dawo gida ya haɗa, ya tarar matsala tana nan. Kuɗi sun tafi, hoto bai dawo ba.

Galibi laifin ba na talabijin ba ne. Ba kuma na dikoda ba ne. Laifin yana kan hanyar da hoto ke bi kafin ya iso ɗaki. Dikoda kuwa tana iya faɗin inda ciwon yake, in an san yadda ake tambayarta.

HOTON DA DA HOTON YANZU

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin shekarar 1959. Na Kaduna ya biyo baya a 1962. A 1977 aka kafa NTA. A wancan zamani eriya kaɗai ake kafawa. Dattawa suna tuna yadda hoto yake yi. In saƙo ya yi rauni, sai hoto ya yi dishi-dishi kamar ana yayyafi. Mutum ɗaya ya zama biyu. Amma duk da haka ana gane abin da ake nunawa.

Yanzu an koma sabon tsari, wanda ake kira dijital. Duk mai dikoda a wannan tsari yake kallo. Gwamnatin Tarayya ta fara gwada shi ga masu eriya a Jos a 2016, aka ƙaddamar da shi a Kaduna a watan Disamba na 2017. Tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta wannan hanya suke shiga gidaje.

Hoton dijital yana da nasa hali. Ba ya yin dishi-dishi. Ko dai ya fito tar, ko ya farfashe gida-gida kamar dara, murya ta riƙa sarƙewa, sannan ya tsaya cik.

Ga misali. A ce an aiko wa mutum wasiƙa, ruwa ya taɓa ta a hanya. In haruffa kaɗan ne suka goge, mai karatu zai cike gurbinsu da kansa, ya karanta daidai. In rabin layi ya goge, sai ya riƙa tsayawa. In rabin takarda ya goge, karatu ya ƙare. Haka dikoda take yi. Tana cike ƙaramin giɓi ba tare da an sani ba. In giɓi ya yi yawa sai ta gaza.

Wannan yana nufin hoto zai iya fitowa tar alhali saƙo yana bakin gaɓa. Iska kaɗan ko hadari kaɗan ya isa ya tunkuɗa shi. Saboda haka kyan hoto kaɗai ba ya nuna lafiyar dish. Sai an duba ma'auni.

HANYAR DA HOTO KE BI

Kafin a yi maganar ma'auni, ya kamata a san zangon da hoto ke yada kafin ya iso. Zango biyar ne.

Na ɗaya, tauraron ɗan Adam. Yana can sama, nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa. Yana tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake waje ɗaya a sararin sama. Saƙon da yake aikowa yakan iso da rauni ƙwarai saboda nisa.

Na biyu, dish. Aikinsa tara saƙo, kamar yadda mazurari ke tara mai ya zuba a bakin kwalba. Dole ya fuskanci tauraron daidai. Kowane tauraro da inda yake. Dish ɗin DStv, alal misali, a Zariya gabas yake kallo, ya ɗan karkata kudu.

Na uku, ɗan abin nan da ke gaban dish a kan hannun ƙarfe, mai farar hula ta roba. Masu gyara suna kiransa LNB. Shi ne kunnen dish. Shi ke karɓar saƙon da aka tara, ya ƙara masa ƙarfi, ya tura shi cikin waya.

Na huɗu, waya. Tana da jan ƙarfe guda a tsakiya. Sai farar roba. Sai siraran wayoyi kamar gashi da suka nannaɗe ta. Sai rigar waje. Wannan waya aiki biyu take yi. Tana sauko da saƙo ƙasa, tana kuma kai wa LNB wuta daga dikoda. Wutar ba ta da yawa, bolt 13 ce ko 18.

Na biyar, dikoda, wadda wasu ke kira risiba. Ita ke warware saƙo ta mai da shi hoto da murya, ta miƙa wa talabijin.

Masu amfani da eriya, kamar masu GOtv, ba su da tauraro. Saƙonsu daga dogon ƙarfen tasha yake zuwa, a nan ƙasa. Amma daga eriya zuwa ɗaki hanyar iri ɗaya ce.

LAYUKA BIYU MASU FAƊIN GASKIYA

Kowace dikoda tana da shafin da ke nuna ma'aunin saƙo, wato sigina. A wasu, maɓallin da aka rubuta INFO a jikin rimot ake dannawa, sau ɗaya ko sau biyu. A wasu kuma sai an shiga MENU. In an shiga, za a ga layi biyu a kwance, kowanne da lamba a gefensa, daga 0 zuwa 100.

Layin farko na ƙarfin sigina ne. Layi na biyu na kyan sigina ne. Galibi na ƙarfi ne a sama, na kyau a ƙasa. Ko wanda bai iya Turanci ba zai iya bambanta su. A nemi kalmar da ta fara da harafin Q. Babu wannan harafi a Hausar boko. Kama yake da O mai ɗan wutsiya. Layin da ke gefen wannan kalma shi ne na kyau.

Mene ne bambancinsu? A tuna da ranar kasuwa. Hayaniya tana da ƙarfi, har daga nesa ana jin ta. Amma ba a gane abin da kowa ke faɗi. Wannan ƙarfi ne babu kyau. A cikin zaure kuwa, ko mutum ya yi magana a hankali, ana jin kowace kalma. Wannan shi ne kyau.

Layin ƙarfi yana cewa waya tana haɗe, LNB yana da rai. Layin kyau yana cewa dish yana kallon inda ya dace, saƙo yana isowa da tsabta. Hoto da layin kyau yake tafiya. Ƙarfi zai iya kai 90, in kyau yana 0, babu abin da za a gani.

Lamba nawa ce mai kyau? Kowace dikoda da irin ƙidayarta. Abin da wannan ta kira 60, wata za ta kira shi 80. Saboda haka kada a gwada da ta maƙwabci. A gwada da ta gida.

Ga dabara. Ranar da gari ya yi garau, hoto yana fita lafiya, a buɗe shafin nan. A ɗauki biro da littafi. A rubuta kwanan wata, da sunan tasha, da lambar ƙarfi, da lambar kyau. A yi haka ga tasha uku ko huɗu da aka fi kallo. A ajiye littafin kusa da talabijin. Ranar da hoto ya lalace, sai a buɗe shafin a kwatanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A FARA DAGA CIKIN ƊAKI

Kafin kowa ya taɓa tsani, a fara da abin da ke kusa.

Da farko a danna MENU a rimot ɗin dikoda. In rubutu ya fito a fuskar talabijin, to tsakanin dikoda da talabijin lafiya lau. In bai fito ba, matsalar tana nan cikin ɗaki, dish ba shi da laifi. Wataƙila yara sun danna rimot ɗin talabijin sun sauya ƙofar da hoto ke shiga. A mayar da ita AV ko HDMI, gwargwadon wayar da aka haɗa.

Wayar AV kai uku gare ta. Rawaya ta hoto ce. Ja da fara na murya ne. Kowace ta shiga ramin da ke da launinta. In ana jin murya babu hoto, a duba rawaya. In hoto ya fito baƙi da fari, ko dai an sa rawaya a ramin da ba nata ba, ko an sauya tsarin launi. Tsarin da ake amfani da shi a Nijeriya sunansa PAL.

Sannan a kashe dikoda daga soket, a jira kamar minti ɗaya, a kunna. Sau da yawa wannan kaɗai yakan isa.

In duk an yi wannan hoto bai dawo ba, sai a buɗe shafin layuka biyu. Abu biyar ake iya gani.

1. Ƙarfi 0, kyau 0. Saƙo ba ya isowa sam. Ko waya ta kwance a bayan dikoda, ko ta yanke a hanya, ko LNB ya mutu.

2. Akwai ƙarfi, kyau 0. Waya lafiya. Dish ne ya goce, ko wani abu ya tare gabansa, ko tashar ta sauya lambarta.

3. Akwai duka biyu, amma kyau ya ragu, yana hawa yana sauka. Dish ya ɗan motsa, ko ruwa ya shiga waya, ko reshen itace yana kaɗawa a gabansa.

4. Duka biyu suna nan kamar yadda aka rubuta a littafi, amma babu hoto. Wannan ba matsalar sigina ba ce. Ko kuɗin wata ya ƙare, ko tashar ce da kanta ta tsaya. A gwada wata tasha. A tambayi maƙwabci ko tasa tana yi.

5. Wasu tashoshi suna yi, wasu ba sa yi. Tashoshin tauraro kashi biyu ne. Dikoda tana kiran kashi ɗaya da bolt 13, ɗaya kashin da bolt 18. In kan waya ya yi tsatsa, ko wutar dikoda ta yi rauni, sai kashi ɗaya ya ɓace. Wani lokaci kuma tashar ce ta ƙaura, sai an sa dikoda ta sake neman tashoshi.

WAYA, UWAR MATSALA

Masu gyara sun san cewa waya da kanta suna cikin abubuwan da suka fi kawo ciwon kai. Ita ke kwana a waje. Rana ta gasa ta, ruwa ya dake ta, ɓera ya ci, ƙofa ta matse ta.

Kafin a taɓa waya, a kashe dikoda daga soket. Akwai wuta a cikinta. Ba za ta kashe mutum ba, amma in jan ƙarfen tsakiya ya taɓa siraran wayoyin nan, dikoda tana iya lalacewa.

A kwance kan wayar daga bayan dikoda a duba. Jan ƙarfen tsakiya ya kasance a miƙe, yana ƙyalli, ya ɗan leƙo waje. Kada ko silin gashi ɗaya na siraran wayoyin ya taɓa shi. In ya yi baƙi ko kore, tsatsa ce. A yanke wajen, a fere sabo, a sa sabon kai. Kan waya ba shi da tsada.

Sannan a bi wayar da ido har zuwa dish. A nemi inda ta fashe, ko ta lanƙwashe sosai, ko aka buga mata ƙusa a ciki. A nemi inda aka yi mata ƙari. Wasu sukan murɗa waya biyu su naɗe da leda. Irin wannan ƙari yana zubar da sigina, yana kuma shan ruwa. Akwai ɗan ƙarfe da aka yi musamman don haɗa waya biyu. Amma waya guda daga dish har ɗaki ita ta fi.

Ruwa yakan bi jikin waya ya gangaro har cikin dikoda. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafin waya ta shiga ɗaki, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa sannan ta hau, kamar harafin U. Ruwa zai ɗiga a ƙasan lanƙwasar. Wajen da waya ta haɗu da LNB kuma a naɗe shi da baƙin tef sosai.

Wajen sayen waya, a tuna araha ba ta ado. Waya mai araha siraran wayoyinta kaɗan ne, rigarta kuma ba ta jure rana. A nemi wadda aka rubuta RG6 a jikinta. Kada kuma ta yi tsawon da ya wuce bukata, domin kowane taku yana rage ƙarfin saƙo.

Akwai wata matsala ta gidajen haya, irin waɗanda suka cika Tudun Wada. Ɗaki uku ko huɗu sukan haɗu a kan dish ɗaya, a fere waya guda a rarraba. Sai a ga in mai ɗakin farko ya sauya tasha, hoton mai ɗaki na biyu ya ɗauke. Daga nan sai zargi, har da faɗa. Ba mugunta ba ce. Dikodar wannan tana neman bolt 13, ta wancan tana neman 18, LNB kuwa ɗaya zai bi. Magani shi ne a sayi LNB mai baki biyu ko huɗu, kowane ɗaki ya ja tasa waya.

DISH DA LOKUTAN SHEKARA

Kowane lokaci da irin ɓarnar da yake yi wa dish.

Farkon damina, wajen watan Afrilu da Mayu, hadari yakan zo da iska mai ƙarfi. Iskar da ke kwashe rufin kwano ba za ta bar dish ba. Ko motsin da bai kai faɗin yatsa ba ya isa ya kautar da shi daga tauraro. Shi ya sa washegarin hadari masu gyara ba sa zama. Rigakafi shi ne a ɗaure notuna tun cikin bazara. A kuma kafa dish a jikin bangon siminti mai ƙarfi. Ginin ƙasa da ya sha ruwa ba ya riƙe ƙusa. Kwanon rufi kuwa motsi yake yi.

Tsakiyar damina, musamman watan Agusta, ruwa mai ƙarfi yakan tare saƙo tun a sama. Hoto ya farfashe, ya ɗauke. Wannan ba lalacewa ba ce. Kada a taɓa komai. Ruwa na tsagaitawa hoto zai dawo da kansa. Amma in yayyafi kaɗan ko gajimare ma yana ɗauke hoto, to saitin dish bai cika ba, ko dish ɗin ya yi ƙanƙanta. Dish mai faɗin santimita 90 yana tara saƙo fiye da ninki biyu na mai santimita 60.

Da damina ne kuma itatuwa ke cika da ganye. Mangwaro ko darbejiya da ba ta tare komai bara, bana ta yi tsawo. Jiƙaƙƙen ganye yana tare saƙo. A sare reshen da ya shiga gaba. Haka nan in maƙwabci ya ɗora bene, wataƙila sai an sauya wa dish wuri.

Da hunturu ƙura takan lulluɓe komai. Ƙura kaɗan ba ta hana kallo. Amma yana da kyau a goge dish da hular LNB da tsumma mai laushi. A duba hular ko ta tsage. Zafin rana yakan busar da ita ta fashe. In ta fashe, ruwan farko zai shiga, gizo-gizo da zanzaro su yi gida a ciki.

Akwai kuma wani abin mamaki da ke faruwa sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba. A kwanakin nan rana takan bi ta bayan tauraron daidai, dish ya kalle su tare. Ƙarfin rana yakan rufe saƙo, hoto ya lalace na 'yan mintoci, a lokaci guda, kwana kaɗan a jere. Shi ma ba ya bukatar gyara.

IN ZA A GYARA SAITI

In dish yana ƙasa, inda hannu ke kaiwa, mai gida zai iya gwadawa. Ana bukatar mutum biyu. Ɗaya a wajen dish, ɗaya yana kallon layin kyau yana faɗin lamba da ƙarfi.

Kafin a kwance komai, a yi alama da fenti ko gawayi a inda dish yake. In abu ya rikice, sai a koma kan alama. Sannan a tsaya a bayan dish, a ɗan danna gefensa da yatsa, dama, hagu, sama, ƙasa. In lamba ta hau da aka danna wani gefe, can dish yake son komawa. A sassauta noti kaɗan. A motsa kaɗan ƙwarai. A tsaya a ƙirga biyar, domin dikoda ba ta amsawa nan take. Sannu ba ta hana zuwa. In lamba ta kai ta littafi ko ta wuce, a ɗaure notuna bi da bi, ana kallon lamba kada ta sauka.

Mai eriya shi ma haka zai yi. Ya juya gora a hankali har layin kyau ya kai iyakarsa. Tsawo yana taimakon eriya, domin gini da tudu suna tare saƙonta. Wasu sukan sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfi. A sani busta tana ƙara ƙarfi ne kawai. In saƙo ya zo da datti, har dattin za ta ƙara.

RAI YA FI HOTO

In dish yana kan rufi, a kira mai sana'ar. Kada a tura yaro. Kada a hau jiƙaƙƙen kwano. Kada a hau da dare.

A unguwanni masu cunkoso, wayoyin lantarki suna wucewa dab da rufi. Dogon ƙarfen eriya in ya taɓa su, mai riƙe da shi yana iya mutuwa nan take. Jiƙaƙƙen gora ma wuta tana bin sa. Kafin a ɗaga kowane dogon abu, a ɗaga kai a duba sama.

In ana walƙiya da tsawa, a cire fulogi daga soket, a kuma cire wayar dish ko ta eriya daga bayan dikoda tun hadari bai iso ba. Kashewa da rimot ba ya kare komai.

Wutar gida ma tana da nata laifi. In wuta ta zo da rauni, ko ƙaramin janareta ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa, dikoda takan riƙa mutuwa tana tashi. A rage kaya, ko a sa sitabilaiza. Haka nan zafi. Mata da yawa sukan rufe dikoda da kyalle mai ado saboda ƙura. In tana aiki a yaye kyallen, ta sha iska. Kada a ɗora ta a kan wani abu mai zafi.

SABUWAR WAYA MAI ƊAUKE DA HASKE

Akwai wata hanya da ke yaɗuwa a manyan birane kamar Legas da Abuja. Ita ce wayar faiba. Babu jan ƙarfe a cikinta. Zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke gudu a ciki. Da ita ake kawo intanet gida, a kalli tashoshi ta cikinsa, babu dish babu eriya. Manyan irin waɗannan wayoyi a ƙarƙashin teku suke. Biyu daga cikinsu, Main One da Glo-1, sun fara aiki ta Legas a 2010. Ɗan ƙauye da ke zuwa birni aiki zai iya tarar da ita, saboda haka yana da kyau a san halinta.

Ruwan sama ba ya tare saƙon faiba. Iska ba ta kautar da shi. Amma zaren ba ya son lanƙwasa. In aka naɗe shi sosai, ko aka ɗora masa kujera, haske yakan ragu, hoto ya riƙa tsayawa. In ya karye ba a murɗa shi a ɗaure. Sai ma'aikatan kamfani sun zo da injin haɗawa.

Ita ma tana da ma'auninta. A jikin ɗan akwatin da waya ke shiga akwai ƙananan fitilu. In wadda aka rubuta PON ta tsaya kore, haske yana isowa. In wadda aka rubuta LOS ta yi ja, haske ya yanke. A duba ko waya ta lanƙwashe ko ta zare. In ba haka ba ne, a kira kamfani. Sau da yawa masu haƙa kwalbati ko aikin hanya ne suka yanke ta a waje. A watan Maris na 2024 wasu wayoyin ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. A irin wannan rana, duk wanda ya kwance kayan gidansa wahalar banza ya yi.

Gargaɗi ɗaya. Kada a leƙa bakin zaren faiba da ido. Hasken ba ya ganuwa, amma yana iya lahanta ido.

IN MAI GYARA YA ZO

Mai gyara na kirki ba ya jin haushin tambaya. A nuna masa littafi. A ce masa, Malam, ga lambar da muke samu da, ga wadda muke samu yau. Wannan zai rage masa aiki, ya rage wa mai gida kuɗi.

In ya ce wani abu ya mutu, a roƙe shi ya gwada da nasa a gani kafin a saya. In an sauya, a karɓi tsohon. Kafin ya tafi, a buɗe shafin layuka biyu tare da shi. A duba tashoshin nan uku ko huɗu. A tabbata ya ɗaure notuna, ya naɗe kan waya. Sannan a rubuta sababbin lambobi da kwanan wata a littafi.

Damina tana zuwa kowace shekara, iska kuma ba ta sallama. Wanda ya rubuta lambobinsa tun gari na garau, ranar da hoto ya farfashe zai san ko na jira ne, ko na kan waya ne, ko na kiran mai gyara ne. Allah ya kiyaye rayuka da dukiya, amin.